Fedal ɗin gitar bas da ke rashin lafiya in an yi ruwa

Cikin watan Agusta, damina ta kankama, wani saurayi daga Garin Malam ya shigo shagona da ke kusa da Kasuwar Dole. Gita a bayansa, ƙaramin akwatin ƙarfe a hannunsa, girmansa bai wuce littafin aljihu ba. Shi ke kaɗa bas a wata ƙungiyar makaɗan biki. A Damagaram irinsa ba su da yawa, don yawancin masu kiɗan biki yanzu da hannun hagu suke fitar da bas a kan fiyano, su huta da biyan mutum guda. Shi ya sa in na ga yaro ya dage da tsirkiya huɗu, ba na son ya bar shagona da kayan da ba su gyaru ba.

Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, fedal ɗina ce. Gurnani take yi, kuma murya ta tafi. In na taka ta sai sauti ya koma ƙasa da yadda yake in ban taka ba. Wani lokaci har da ƙas-ƙas, kamar an watsa gishiri a wuta." Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce wani direba ne ya sayo masa ita gwanjo daga Kano kafin zafi ya shigo, ta yi aiki lafiya duk bazara, sai da aka fara ruwa ta soma. Ya ƙara da cewa da rana tsaka takan yi dama-dama, da dare kuwa ko bayan ruwan sama ba ta kaɗuwa. Na ji wannan magana, amma ban riƙe ta ba. Da na riƙe ta da na rage wa kaina wahalar wuni guda.

Ga wanda bai san abin ba: wannan fedal ita ce ake kira firi'ampili. Tana zama tsakanin gita da ampili, wato na'urar da ke ƙara sauti ta fitar da shi a lasifika. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda makaɗa ke ce wa mikro, sigina mai rauni yake fitarwa, wadda doguwar waya ke iya cinye kaifinta. Fedal ɗin na karɓar siginar ta ƙofa mai tsayin juriya, galibi om miliyan 1 (om shi ne ma'aunin juriyar da ke tare wuta), don kada ta yi wa mikro nauyi, sai ta ƙara mata ƙarfi, ta gyara mata ƙasa da tsakiya da sama, sannan ta fitar da ita ta ƙofa biyu: ɗaya zuwa ampili, ɗaya mai haƙori uku, wato XLR, zuwa teburin mai sono, wato mai haɗa sautin biki gaba ɗaya. Duk wannan a kan bolt 9.

Daga waje na fara

Ba na buɗe akwati sai na wanke abin da ke kewaye da shi. Na sa yaron shagona ya jona gitar kai tsaye a ampilin da nake gwaji da shi, ba fedal a tsakani. Sauti ya fito cikakke. Gitar kwaikwayon ƙirar Jazz Bass ce ta Fender, mai mikro biyu, kuma irin wannan ƙira in ka buɗe mikro ɗaya kaɗai dole ka ji ɗan zuza, in ka buɗe duka biyun har ƙarshe sai su kashe wa juna ita. Haka ta yi, babu laifi. Cikin wayoyinsa biyu ɗaya na yankewa in an murɗa ta kusa da kai. Na yanke kan na sake ɗaura shi da dalma. Wannan bai taɓa ainihin matsalar ba, amma ya fitar da waya daga cikin waɗanda ake zargi.

Sai sharjer. A jikinsa an rubuta bolt 9, mili'amfiya 500. Yana da nauyi a hannu, alamar tsohon yayi ne mai taransifoma a ciki. Na ɗora mita: bolt 13.8. Wannan ba abin mamaki ba ne ga irinsa. Sharjer marar mai daidaita wuta ba ya sauka bolt 9 sai an ja masa kusan duk nauyin da aka rubuta, ita kuwa fedal ko mili'amfiya 10 ba ta ja. Ke nan tun ranar da ta zo hannunsa wajen bolt 14 take sha.

Na jona komai, na taka. Gurnani ya cika shago. A nan na yi wani abu da nake koya wa kowane mai bas, domin kunnensu ya fi mitata saurin gane shi. Kuran ɗinmu a Nijar bolt 220 ne, yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50 Hz. Gurnanin da waya ko mikro ke tsinta daga iska a kan 50 Hz yake, kusa da sautin tsirkiyar Mi in ka danne ta a gaɓa ta uku, wato 49 Hz. Gurnanin da ke biyo wutar sharjer da ba ta tacu ba kuwa ninki biyu ne, 100 Hz, kusa da tsirkiyar Sol a sake, wadda ke 98 Hz. Na ce masa, "Ɗana, nemo mini wannan kukan a wuyan gitarka." Ya lalaba, ya tsaya a kan Sol. Ya dube ni yana murmushi. Na zare sharjer na sa sabon pil, wato batir mai kusurwa huɗu na bolt 9. Gurnanin ya ɗauke kusan gaba ɗaya.

Ciwo ɗaya ya bayyana. Amma muryar na nan a shaƙe, ƙas-ƙas na nan, kuma in ya bugi tsirkiya da ƙarfi sai sautin ya yage, in ya bar ta tana mutuwa a hankali sai ya katse kafin lokacinsa. Pil bai warkar da wannan ba, don haka ba daga sharjer yake ba.

Inda na yi gaggawa

Na kwance murfin. Ta sama farantin tsaf yake, in ban da ƙurar hunturu a kusurwoyi. Aisi biyu ne a ciki, wato 'yan na'urori masu ƙafafu da ke ƙara wa sigina ƙarfi, duka TL072, kowanne zaune a kan kujerarsa, ba a manne da dalma ba. Babban kondansater, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta yana tace ta, mikrofarad 100, bolt 10, kansa ya kumbura. To, ga shaidar abin da bolt 14 ya yi masa. Da na ga haka sai zuciyata ta ce wutar da ta kumbura kondansater ta taɓa aisi. Kuma da yake cire su ba wuya, sai na ciro biyu daga wani tsohon tebur na sono da na san lafiyarsu, na musanya. Ko kaɗan ba abin da ya sake.

Da na tsaya na yi tunani ba sai na musanya ba. TL072 na ɗaukar wutar da ta fi bolt 14 nesa ba kusa ba. A tebura da yawa a kan bolt 15 sama da 15 ƙasa yake aiki, jimla 30. Babu dalilin da zai sa 14 ta kashe shi. Sauƙin cirewa ne ya ja ni, ba hujja ba. Daga nan na shiga wanke maɓallan murɗawa da ƙofofin waya ɗaya bayan ɗaya, don ƙas-ƙas a garinmu sau da yawa ƙura ce. La'asar ta yi, yaron ya tafi, na ce ya dawo jibi.

Washegari da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi, na yi abin da ya kamata in fara da shi: na mayar da aisin asali, na ɗauki mita na bi ƙafafunsu. Pil na ba da bolt 9.4. A ƙafa ta 8, inda wuta ke shiga, 8.6, ragin daga wani ɗan rezistans, wato mai rage gudun wuta, na om 100 ne da ke kan hanya, daidai ne. Ƙafa ta 4 sifiri, daidai ne. Ƙafa ta 1 da ta 7, wato mafitar sauti, ya kamata su zauna a rabin wutar, wajen 4.3. Na samu 1.9. A aisi na biyu ma 1.9. Kuma lambar ba ta tsaye wuri ɗaya, tana rawa tsakanin 1.7 da 2.1.

Wannan lamba ita ce zuciyar lamarin, don haka bari in tsaya a kanta. Sauti kai da komowa ne, sama da ƙasa. Na'urar da ke da wuta ɓangare ɗaya kawai, daga sifiri zuwa 9, ba ta da ƙasan da za ta sauka. Sai masu ƙira su yi mata tsakiya ta aro: rezistans biyu masu daraja ɗaya a jere tsakanin wuta da mas, wato layin sifiri, a wannan fedal kilo-om 100 kowanne, sai kondansater a mahaɗarsu ya riƙe wurin kada ya motsa. Mahaɗar ta zama rabin wuta, sigina ta riƙa lilo a kanta, tana da fili sama tana da fili ƙasa. Kamar mai lilo ne da aka ɗaure wa igiya a tsakiyar ɗaki. In aka matsar da igiyar jikin bango, zai tafi gaba lafiya, in ya dawo ya bugi bango. TL072 kuwa ba ya son kusantar bangon ƙasa ko kaɗan. Mashigarsa da mafitarsa duka suna buƙatar tazara daga sifiri. A kan 1.9 rabin siginar na gutsurewa, abin da ya saura ya fito a raunane, a yage. Rawar da lambar ke yi kuma ita ce ƙas-ƙas ɗin, domin duk motsin da tsakiyar ta yi, aisi ɗauka yake kamar sauti ya ƙara masa ƙarfi.

Gargaɗi ga masu ƙaramar mita irin DT830 da ta cika kasuwa: kada ka auna wannan a ƙafa ta 3. Sau da yawa rezistans na om miliyan 1 ne ke kai tsakiyar can, ita ma mitar juriyarta ta ciki wajen miliyan 1 ce, sai ta raba wutar biyu ta nuna maka rabi, ka shiga neman ciwon da babu shi. Auna a mafita, 1 da 7.

Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu na jan tsakiyar zuwa ƙasa. Da lissafi, kafin 4.3 ta sauka 1.9 sai an samu ɓoyayyiyar hanya ta kimanin kilo-om 40 daga mahaɗar zuwa mas. Wanda aka fi zargi a irin wannan shi ne kondansater ɗin da ke riƙe tsakiyar, in ya fara yoyo. Don in ɗaga ƙafarsa dole in kwance farantin gaba ɗaya, in cire goron maɓallai da na ƙofofi. Da na juya shi na ɗaga takardar roba da ke ƙarƙashinsa, sai na ga abin: wani tabo fari-fari mai kore a gefe, faɗinsa kamar ƙwandala, yana da damshi in ka taɓa, ya kwanta daidai kan dalmar rezistans biyun da layin mas da ke gefensu. Sawunsa ya biyo wayar pil, daga ramin da ta fito.

Sai a lokacin na lura cewa madannin pil ɗin sabo ne ƙal a jikin tsohuwar fedal. Wani can baya ya manta pil a ciki har ya zubar da ruwa, ya goge ɗakin pil, ya sake madanni, ya sayar. Abin da ya gangara ƙarƙashin faranti ba wanda ya gani. Pil mai araha na zinki da gawayi, in ya zube, gishirin da yake bari akwai zinki kulorayid a ciki, shi kuwa wannan gishiri halinsa ne tsotsar laima daga iska. A busasshiyar iskar Maris da Afrilu ya bushe ƙamas, ba ya ɗaukar wuta, fedal na aiki. Da damina ta sauka ya jiƙe ya zama hanya. Da rana tsaka ya ɗan bushe, da dare ya koma. Abin da yaron ya faɗa mini ke nan tun a bakin ƙofa, da kalmominsa.

Na so in tabbatar kafin in goge shaidar. Na ari na'urar hura iska mai zafi daga maƙwabcina mai gyaran salula, na rage zafinta, na hura daga nesa, mita na kan ƙafa ta 1. Lamba ta soma hawa: 2.4, 3, har 3.7. Na bari ya huce, na matso na huci wurin da bakina sau uku. Ta gangaro ƙasa da 2.5. Yaron shagona ya ce, "Maigida, wallahi kamar mai rai."

Gyaran

Yaron ya kawo shawarar a jiƙa kanwa a wanke da ita, tun da na ce gishirin na da tsami. Tunaninsa ya kama hanya, amma ban yarda ba. Kanwar kasuwa akwai gishiri da yashi a cikinta, sai ka cire wani ka dasa wani. Bikarbonat na aika aka sayo, na dama kaɗan da ruwan kwalba, na goge da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye sau biyu, na bi da alkol mai ƙarfi na famasi. Da pil ɗin irin alkalin ne da akasin haka za a yi, da ɗan ruwan binega za a fara. Na cire rezistans biyun da kondansater ɗin tsakiya na zubar, ko da yake awonsu bai yi muni ba, domin gishirin ya riga ya shiga ƙarƙashinsu ya ci ƙafafunsu. Wani siririn layin jan ƙarfe ya zaizaye saura kamar gashi, na yi masa gada da waya. Tsohuwar dalmar da ta yi toka-toka na zuƙe ta na zuba sabuwa. Da rana ta fito na shanya farantin a kan kwanon shago har azahar.

Na sa sabbi, na jona pil: ƙafa ta 1 da ta 7 sun zauna a 4.3, ba rawa. Na huci wurin, ko gezau. Babban kondansater da ya kumbura na maye shi da mai mikrofarad 220, bolt 25, mai jure zafin digiri 105. Wannan lambar ta ƙarshe ba ado ba ce a garin da akwatin ƙarfe ke wuni cikin mota a watan Afrilu. Kondansater mai ruwa a ciki bushewa yake yi da zafi, kuma ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na raba kwanansa biyu.

Da saurayin ya dawo ya kaɗa, murya ta dawo, ƙas-ƙas ya tafi. Ni har na fara neman murfi. Shi kuwa ya ci gaba da bugun tsirkiyar Mi yana karkata kai. Ya ce, "Baba, ta tashi, amma ba ta da gindi. Ba na jin ta a ƙirji." Wannan karon na saurare shi. Na ciro kondansater na ƙarshe, wanda sauti ke ratsawa kafin maɓallin bolim mai kilo-om 10. An rubuta mikrofarad 10, na auna 0.2. Shi da maɓallin tare kamar rariya suke, suna tare duk abin da ke ƙasa da wata iyaka. Da mikrofarad 10 iyakar ba ta kai 2 Hz ba, ba kunnen da zai ji. Da 0.2 ta hau wajen 80 Hz. Tsirkiyar Mi a sake 41 Hz ce, ke nan abin da ke wucewa daga asalin sautinta bai kai rabi ba. Da gita mai tsirkiya shida ce da wuya a damu, don tsirkiyarta ta ƙasa 82 Hz ce. Ga mai bas kuwa nan ne abincinsa. Na sake shi. Ya buga, kwalaben sukurori da ke kan kanta suka amsa.

Sharjer ɗin ban ce ya yar ba. Mai kyau irin na fedal ba a cika samunsa a nan ba sai an yi saƙo Kano ko Yamai, kuma sharjer mara nauyi na zamani mai araha nasa kukan daban ne, siriri kamar na sauro. Na yanke wayarsa na saka mai daidaita wuta 7809 da kondansater biyu cikin ɗan gwangwani. Shi 7809 yana son abin da ke shigar masa ya ɗara 9 da kamar bolt 2, don haka 13.8 ta ba shi sarari ko da kuran ya yi sanyi da magariba. Na auna 9.0, gurnanin Sol bai dawo ba. Na kuma nuna masa ɗan zanen da ke jikin fedal: irin waɗannan, bisa tsarin da Boss ya yaɗa, tsakiyar kan sharjer ita ce mara, wato negatif. Sharjer na dikoda da na akwatin intanet yawanci bolt 12 ne kuma tsakiyarsu akasin haka take, alhali kan na iya shiga ramin daidai. A wajen biki in nasa ya ɓace, gara ya sa pil da ya ari na mai gida. In kuma an tashi, ya zare pil ɗin kafin ya ajiye.

A wajen bikin

Na ɗauka an gama. Ranar Asabar da dare ya kira ni daga wani biki a Zango: gurnani ya dawo. Na hau babur na je, don ina so in ji da kunnena. Rumfa ce a kan titi, gurup, wato janareta, na ruri a bayan gida. Na ce ya nemo kukan a gita. Wannan karon ba Sol ba ce, can ƙasa ya same shi a tsirkiyar Mi. Ba wutar fedal ba ce ke nan. Da na zare wayar XLR da ke zuwa teburin sono sai ya ɗauke. Da na mayar ya dawo. Ampilinsa na jone a wutar wani shago da ke gefe, tebur kuwa a kan gurup, fedal ta haɗa mas ɗinsu biyu ta zama gada, kuran na bin rigar waya daga wannan zuwa wancan. A gefen fedal akwai ɗan maɓalli da bai taɓa sanin amfaninsa ba, wanda ke raba haƙori na 1 na XLR da mas ɗin fedal. Na tura shi, rumfa ta yi tsit, har mai sono ya ɗago kai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba wannan ba ne. Yana gode mini sai ya ce ai dama makirufo na cizonsa a leɓe in yana riƙe da tsirkiya, sun saba. Na ɗora mita tsakanin tsirkiya da kan makirufo, na ga sama da bolt 90. Kayan wuta na zamani in ba a haɗa su da ƙasa ba, jikinsu kan yi iyo a wajen rabin wutar gida. Kuran ɗin kaɗan ne, shi ya sa cizo kawai yake yi. Amma ranar da wata waya ta sale a cikin ampili, ba abin da zai ɗauke wutar sai hannun mai riƙe da tsirkiya, ga shi tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar damina da silifas. Na sa aka tsayar da kiɗa na ɗan lokaci, aka dawo da ampilinsa kan ralonj ɗaya da tebur. Mita ta sauka kusa da sifiri tsakanin su biyun.

Na gaya wa shugaban ƙungiyarsu, a gaban yaran, cewa wannan rage hatsari ne kawai, gurup ɗin na buƙatar sandar ƙarfe a kafe cikin ƙasa, a ɗaure ta da jikinsa da kuma haƙorin ƙasa na ralonj, kuma kada kowa ya sake karya haƙori na uku na kan wayar wuta don ya shiga rami. Ya ce a Birni akwai wuraren da sanda ba ta shiga taku biyu sai ta ci karo da dutse. Na ce gaskiya ne, a nemi gindin magudana ko inda ake zubar da ruwa, a jiƙa wurin. Ranar Litinin ya aiko yaro da sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi, na huda mata rami a kai, na ɗaura mata waya mai kauri da ƙusa mai goro.